Me ya sa shukar fure mai suna Fuchsia boliviana ke ƙonewa a rana?

Malama, kin ce ganyenta na bushewa duk da kina ba ta ruwa kullum. Ba ƙishi ke damunta ba, zafi ne. Asalinta dazuzzukan tsaunukan Andes ne, a Boliviya, Peru da arewacin Ajantina, inda hazo ke lulluɓe bishiyoyi kusan kullum, iska da sanyi-sanyi da laima. A can a ƙarƙashin inuwa take girma, har ta kai mita 4.

Ki mayar da ita inuwa, ki riƙa yayyafa wa ganyen ruwa, kada ƙasar ta jiƙe sharkaf, saiwar na ruɓewa. Ni dai ina ƙaunarta saboda jajayen furanninta dogaye masu reto, waɗanda ƙananan tsuntsaye masu shan zaƙin fure ke bi. 'Ya'yanta ma ana ci.