Amsa kan nawar kwamfutocin da ke zaune cikin saba ɗaya

Malam, ka ce ka ɗora kwamfutocin kwaikwayo shida a cikin saba ɗaya, wato babbar kwamfuta mai yi wa sauran hidima, ta hanyar manhajar Proxmox a ofishinku na Marwa, kuma da zarar ma'aikata sun zauna da safe komai sai ya yi nawa, har kana tunanin ƙara wa sabar ƙwaƙwalwa, wato RAM. A ganina kada ka kashe sefa ɗaya tukuna, domin na fi zargin faifan ajiyar bayanai.

Faifai mai juyawa sau 7200 a minti ba ya wuce kimanin aiki 100 a daƙiƙa idan buƙatun a warwatse suke, alhali kwamfutoci shida suna yi masa rubdugu lokaci guda, kowace tana jan allurar karatu zuwa nata ɓangaren. SSD kuwa, wato ma'ajin bayanai marar juyawa, yana ɗaukar dubbai. Ka kunna iostat, manhajar auna aikin faifai, da ƙarfe takwas na safe, ka dubi tsawon jiran kowace buƙata.

Ta fuskar sadarwa, ka tabbatar katin sadarwar kowace kwamfuta nau'in virtio ne, wanda aka yi domin kwamfutocin kwaikwayo, ba kwaikwayon katin e1000 ba, wanda ke wahalar da saba a banza. Ka kuma tuna cewa layin gigabit ɗaya bai wuce megabait 125 a daƙiƙa ba, kuma dukansu shi suke rabawa. Iperf3, manhajar auna saurin layi, za ta nuna maka gaskiyar lamarin.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Na ga wata saba a nan Garwa da aka saita ta riƙa tsare rubutu a ƙwaƙwalwa kafin ta kai shi faifai domin sauri, aka ɗauke wuta a tsakiyar bazara lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai samar da wutar ya ja baya, bayanan albashi suka lalace. Don Allah kada ka taɓa wannan saitin sai kana da batirin ko-ta-kwana mai lafiya.