Me ya hana kwale-kwalen kankare nutsewa?

Malam, tambayarka ita ce yadda ɗaliban injiniya a Amurka ke ƙera kwale-kwale da kankare, har su yi tsere a cikinsa bai nutse ba.

Dabarar tana ga siffa. Ɗora kwanon sha na ƙarfe a kan ruwa, zai yi ta yawo abinsa. Murƙushe shi ya dunƙule, sai ƙasa. Muddin ruwan da jirgi ya ture ya kai nauyinsa, yana nan a sama.

Kuma kankarensu ba irin na ginin gidaje ba ne. Na gini yakan kai kilo 2,400 a kubik mita ɗaya, ruwa kuwa kilo 1,000. Su sukan bar tsakuwa, su kwaɓa siminti da 'yan ƙwayoyin gilashi masu iska a ciki don a rage nauyi, su shimfiɗa ragar zaren gilashi maimakon rodi. Kaurin bangon kamar na yatsa. A gasar ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta ASCE, wadda ake yi tun 1988, sai an cika jirgin da ruwa fal an ga bai nutse ba, sannan a bar shi ya yi tsere.

In za ka gwada, kada ka tsuga ruwa a kwaɓin don ya yi daɗin shafawa, ƙarfinsa kake kashewa. Gaggawar cire shi daga mazubi ma tana tsaga shi. Ka riƙa jiƙa shi wajen kwana 28. Lissafin kauri kuwa ka kai wa malamin injiniya, a matse samfurin kwaɓin a ɗakin gwaji, kuma kada kowa ya hau ba rigar ceto.