Rarar kuɗin tafiyar aiki, aringizon rasit da haƙƙin direba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa a nan Katsina, muna sayar da taki da maganin feshi. Ana yawan tura ni Kano da Kaduna, wani lokaci har Legas, ɗauko kaya ko karɓo kuɗi. Kuɗin kwana a dunƙule ake ba ni, amma a Kano gidan ƙanen mahaifina nake sauka, sai kuɗin su zauna a aljihuna. Kuɗin mai kuwa sai na kawo rasit. Direban da muke tafiya tare ba a ba shi kuɗin kwana, a mota yake kwanciya. Saboda haka nakan sa a ƙara adadi a rasit a gidan mai, in ba shi wani abu, in riƙe saura, tunda ni ma ba a ƙara mini albashi ba tun da aka cire tallafin mai. Mene ne hukuncin wannan, Malam?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, kuɗin da ake danƙa wa ma'aikaci idan zai yi tafiya iri biyu ne a wurin shari'a, ko da a ambulan ɗaya aka ba shi. Akwai wanda aka mallaka masa, akwai wanda aka wakilta shi ya kashe. Abin da ke raba su shi ne yarjejeniyar wurin aiki, domin Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura, kuma ya zo a hadisin Abu Dawud da Tirmizi cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Kuɗin kwana da ake yanke maka a dunƙule, kaza kowane dare, ba a tambayarka inda ka kwana, wannan naka ne. Ka sauka a otal, ko gidan baffanka, ko ka shimfiɗa tabarma a masallacin tasha, abin da ya rage halas ne, ka ci da iyalinka babu ɗar. Sharaɗi ɗaya ne: ka yi kwanakin da aka biya. Idan an ba ka na dare huɗu, aiki ya ƙare a biyu ka dawo gida, na dare biyun nan ka mayar, ko ka faɗa wa mai kamfani ya yafe da bakinsa. Kano kusan kilomita 170 ce daga Katsina, mutum yakan je ya dawo a yini ɗaya, kuma a nan ne mutane da yawa suke zamewa, su rubuta kwanan da ba su yi ba.

Kuɗin mai kuwa amana ne. Da aka ce ka kawo rasit, an gaya maka ke nan cewa abin da ka kashe kaɗai za a biya. Rasit shaida ce. Duk wanda ya sa aka rubuta lita 60 alhali 45 aka zuba ya haɗa ƙarya da shaidar zur da cin dukiyar mutane da ɓarna, ya kuma ja yaron gidan mai cikin zunubin. Wannan haramun ne. Muslim ya ruwaito daga Adiyyu ɗan Amira cewa Annabi (SAW) ya ce wanda aka ɗora shi a kan wani aiki ya ɓoye ko da allura ce ko abin da ya fi ta, wannan gululu ne, wato ha'inci a dukiyar amana, da zai zo da shi ranar ƙiyama. Hadisin a kan ma'aikatan dukiyar al'umma ya zo, amma ha'inci a dukiyar mutum ɗaya bai fi sauƙi ba, domin mai ita yana nan da ransa zai tsaya ya nemi abinsa.

Na san hujjarka tana da nauyi a zuciyarka, kuma ban raina ta ba. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, kwanon masara da kuɗin mota da kuɗin makarantar yara duk suka bi ta. Albashin da ya tsaya cak a wannan tsakanin ya zaizaye ko da lambar ba ta canja ba. To shin mutum zai iya ɗibar haƙƙinsa da hannunsa? Malamai sun tattauna wannan da sunan mas'alar zafari. Masu halattawa sun kafa hujja da Hindu 'yar Utba, wadda ta kai ƙarar rowar Abu Sufyan, Annabi (SAW) ya ce ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon al'ada. Masu hanawa sun riƙe hadisin da ya ce ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Shehu Halilu a Muhtasar ya hana a babin ajiya, ya kuma halatta a wani wurin da sharaɗin a aminta daga fitina da zubewar mutunci.

Ko mun ɗauki maganar masu halattawa, ba ta kai gare ka ba. Suna magana ne a kan haƙƙi tabbatacce, sananne, wanda aka danne: bashi da aka musanta, ko albashin wata uku da aka ƙi biya. Kai kuwa ana biyan ka abin da kuka yi yarjejeniya a kai, ƙari kake ganin ka cancanta. Wataƙila ka cancanta ɗin, amma ba kai kaɗai za ka yanke wa kanka adadi ka kuma biya kanka a ɓoye ba. Sannan hanyar da ka bi ƙarya ce a rubuce, wadda ranar da akanta ya gano ta sunan ɓarawo za a kira ka da shi, ba wanda zai tsaya jin labarin tallafin mai. Wannan ita ce zubewar mutuncin da Halilu ya gindaya.

Ba wa direba wani kaso bai tsarkake kuɗin ba. Ba a wanke najasa da fitsari.

Amma maganar direban nan ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma ina so masu kamfanoni da 'yan kasuwar Katsina da Daura da suke tura yara Kantin Kwari da Dawanau da Maraɗi su ji ta. Mutum biyu sun fita aiki ɗaya, a mota ɗaya, don ribar mutum ɗaya. Ɗaya an lissafa masa gado da ruwan wanka, ɗayan an bar shi da kujerar mota da sauro, wai yana gadin kaya. Da asuba kuma shi ne zai riƙe sitiyari, wani lokaci tafiyar da ta haura kilomita 1,000 daga Legas, da ranka da nasa da na sauran masu bin hanya a hannunsa. Annabi (SAW) ya gaya wa Abu Zarri game da bayi cewa 'yan'uwanku ne da Allah ya sa a ƙarƙashin hannunku, ku ciyar da su daga abin da kuke ci, ku tufatar da su daga abin da kuke sawa, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Idan bawa ke nan, ina ga ɗa mai 'yanci da ya zo neman halas?

A fiƙihunmu, Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa mai juya dukiyar ƙiradi, wato jarin da aka ba shi ya yi kasuwanci a raba riba, yana da abincinsa daga dukiyar idan ya yi tafiya da ita kuma tana da yawa, har da tufa idan tafiyar mai nisa ce. Direba kuwa ɗan ijara ne, wato wanda aka ɗauka aiki a kan lada, hukuncinsa yana komawa ga sharaɗin da aka yi, in ba a yi ba a koma ga al'ada. Amma ma'anar ɗaya ce, ɗawainiyar tafiyar da aka yi don dukiyar wani a kan dukiyar take. Kuma kamfanin da ya yarda cewa kwana a wani gari yana cin kuɗi, har ya yanke wa ma'aikacin ofis, ba shi da bakin cewa direba ba ya buƙata. Ba na cewa dole a daidaita adadin, matsayi yana bambanta. Abin da ba ya halatta shi ne a hana shi wurin kwanciya mai mutunci da abincin da zai ƙosar da shi. Dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan kamfanoni da yawa a nan suke fakewa. Haƙƙin ɗan ƙwadago a wurin Allah ba shi da wannan togaciya. A hadisin ƙudusi na Buhari, cikin mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, bai ba shi ladansa ba.

Kai kuma kana da abin taimakonsa na halas a aljihunka, wato rarar kuɗin kwanan nan. Abu Sa'id al-Khudri ya ce suna cikin tafiya Annabi (SAW) ya ce wanda yake da rarar abin hawa ya ba wanda ba shi da shi, wanda yake da rarar guzuri ya ba wanda ba shi da guzuri, ya yi ta ambaton nau'o'in dukiya har suka ga kamar babu mai haƙƙi a cikin rara. Muslim ne ya ruwaito. Ka kama masa ɗaki daga ciki, ko ka nemi iznin baffanka ya kwana a zaure, ku ci a kwano ɗaya. Sannan ka je wurin maigidanku ido da ido ka faɗa masa halin da direba yake ciki, ka nemi a yanke masa kuɗin kwana a rubuce, ka kuma nemi naka ƙarin albashin a fili. In kana jin nauyi, ka nemi dattijon da yake jin maganarsa ya raka ka.

Abin da ka riga ka ci ta hanyar rasit kuwa, tuba ba ta cika sai an mayar. Ka zauna ka ƙiyasta jimillarsa har da wanda ka ba direba, domin kai ka fitar da shi, in ka yi shakka ka ɗauki adadi mafi yawa. Mafi kyau ka faɗa wa mai kamfani ka nemi yafiya. In kana tsoron kora ko tozarci, ya isa kuɗin su koma cikin dukiyarsa ta kowace hanya, kamar ka riƙa zuba mai da kuɗinka a tafiye-tafiye masu zuwa ba tare da ka nemi a biya ka ba, har ka cike. Manaja ko akanta ba su da ikon yafe maka sai in mai dukiyar ya ba su wannan izni.

Wallahu a'alam.