Ƙwari a Cikin Hatsi da Gari: Amsoshin Tambayoyin Manoma

Tambaya: Na zuba masara a sabon buhu na ɗaure, bayan wata biyu na tarar da ƙwari. Ta ina suka shiga?

Amsa: Mafi yawan lokaci da su ka ɗaure buhun. Macen wani ƙwaro mai dogon baki tana huda ƙwayar masara, shinkafa ko alkama, ta saka ƙwai ɗaya a ciki ta toshe ramin, wani lokaci tun amfanin yana gona. Tsutsar tana cin cikin ƙwayar, daga waje kuwa ka gan ta lafiya lau. Da zafi, cikin mako 4 zuwa 5 ta zama ƙwaro ta fasa ta fito. Ramin da kake gani a jikin hatsi ƙofar fita ce, an riga an gama ɓarna.

Tambaya: Yaya zan gane wane iri ne ya kama mini kaya?

Amsa: Ɗebi kamar kofi biyu daga ƙasan buhu, ka tankaɗe a kan farar takarda. Mai dogon baki, tsawon milimita 2 zuwa 4, shi ne mai huda hatsi. Ja-ja mai shafaffen jiki da ke gudu cikin gari ba ya iya huda ƙwaya mai lafiya, fulawa da tsaki da dusa yake ci, kuma yana barin wani wari da ke ɓata garin. Na wake gajere ne, yana manna ƙwansa a bayan wake kamar ɗigon farin fenti, ya bar rami zagayayye. In ka ga zare kamar yanar gizo-gizo ya haɗe hatsi, wannan aikin tsutsar malam-buɗe-littafi na dare ne.

Tambaya: Wace hanya ta fi wajen ajiya?

Amsa: A busar, a tsabtace, a hana iska. Danshin hatsi ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari. Wanda ba shi da na'urar auna danshi ya zuba hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ya rufe ya girgiza, ya bari minti 15. Idan gishiri ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin shanya. A sheƙe a fitar da karyayyun ƙwayoyi. A share sito sarai, a toshe tsagar bango, kada a zuba sabo a kan ragowar bara.

Sannan a zuba a mazubin da iska ba ta shiga: duro, jarka, ko buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Ƙwarin da ke ciki su za su shanye iskar, su daina ci su mutu. A nan ake yawan kuskure. Kowace leda a matse mata iska, a murɗe bakin a ɗaure ta ita kaɗai. Duro kuma a cika shi taf, don rabin duro yana da iskar da za ta raya su. Kada a riƙa buɗewa ana leƙe, musamman makonnin farko; abincin yau da kullum a ware shi daban. A ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, domin huda ɗaya ta ɓera ta rushe aikin.

Tambaya: Wanda ya riga ya kamu fa?

Amsa: Idan kaɗan ne, a ɗaure a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, mako guda, sannan a tankaɗe. Zafin digiri 60 na awa ɗaya ma yana kashe su har ƙwai, amma kada a yi wa irin shuka haka. Garin da ya yi wari ko fumfuna a zubar.

Tambaya: Zan iya ƙulla ƙwayar fosfin, wato ƙwayar maganin ƙwari ta sito, a tsumma in jefa a buhu?

Amsa: Don Allah kada ka yi. Tana fitar da iskar guba da ke ratsa buhun saƙa ta cika ɗaki, kuma tana kashe mutum. Aikin wanda aka horar ne, a rufaffen sito nesa da inda mutane da dabbobi ke kwana. Maganin feshin gona ko na sauro shi ma kada ya taɓa abin da za a ci.