Ku Tambayi Dakta: Man gyambo mai EGF da takardar da aka rubuta HER2

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta, barka da ƙoƙari, Allah shi saka da alheri. Tsohona ne ke da ciwon suga shekara takwas ke nan, to wata uku da suka wuce ya ji rauni ƙarƙashin babban yatsan ƙafa har yau ya ƙi warkewa ya zama gyambo, kullum muna kai shi pansama amma kamar ba a yi. Sai wani abokina ya turo mani hoton wani man shafawa a WhatsApp an rubuta EGF a jikin kwalbar, ya ce daga waje ake kawo shi, jika ashirin da biyar, wai sati biyu nama ya ciko. Ina shirin saye sai ƙanwata da ke jami'a ta ce ita ta ji wannan EGF ɗin cutar kansa yake sawa. Wallahi na rasa na kamawa, mi ne ne gaskiyar abin? Daga wani ɗan kasuwa, unguwar Mokoyo, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Tun da farko in ce maka kada ka sayi man nan, ka riƙe kuɗinka za su yi maka amfani a wani wajen. Amma abokinka da ƙanwarka kowa ya kama wani gefe na gaskiya, shi ya sa zan ɗan tsaya a kan abin.

EGF ɗin nan ba baƙo ba ne, yana jikinka yanzu haka, yana cikin miyau, da hawaye, da nonon uwa, har da fitsari. Ɗan ƙaramin furotin ne, ƙwayoyin amino asid 53 ne aka jera kamar tasbaha, aikinsa ya gaya wa ƙwayoyin halittar fata su rabu biyu su yawaita su rufe inda ya yage. Wanda ya gano shi wani bature ne ɗan Amurka, Stanley Cohen. A shekarun 1950 yana aiki da wata ƴar Italiya, Rita Levi-Montalcini, a garin St. Louis, suna bin diddigin wani abu da ke sa jijiya ta tsiro, sai suka tarar abin ya fi yawa a ƙullutun miyau na namijin ɓera. To da Cohen ya riƙa yi wa jinjirayen ɓeraye allurar ruwan ƙullutun nan sai ya lura da wani abu da ba shi yake nema ba. Ɗan ɓera idonsa a rufe ake haihuwarsa, sai ya kwana 12 zuwa 14 kafin ya buɗe, amma waɗanda aka yi ma allura kwana 7 ido ya buɗe, haƙora ma sun riga lokaci fitowa. Ni wannan wajen ne ke burge ni kullum, wani da sai ya ce ba abin da ya kawo ni ke nan ba ya wuce, shi kuwa ya koma jami'ar Vanderbilt a 1959 da tambayar a ransa, yana tace ruwan nan kashi-kashi, kowane kashi ya yi ma jinjirin ɓera allura ya zauna ƙirga kwana yana duba fatar ido, haka har ya ware abin shi kaɗai a 1962. A 1986 aka ba su kyautar Nobel shi da Levi-Montalcini.

To ta yaya saƙon ke isa? Ka ɗauka ƙwayar halitta gida ce irin namu mai zaure. EGF baƙo ne namiji, iyakarsa sallama a ƙofa. A jikin bangon akwai wani babban furotin da ya ratsa bango, rabi a waje rabi a ciki, shi ne makarɓin saƙon, shi ake rubutawa EGFR. In baƙo ya yi sallama sai makarɓa biyu su matso su haɗa kafaɗa, ɓangarensu na ciki ya farka ya fara manna wani sinadari mai suna fosfet a jikin furotin, daga nan wannan ya gaya ma wancan, wancan ya gaya ma na gaba har magana ta kai ƙuryar ɗaka inda bayanan gadon halitta suke, a ce a rabu. A 1980 ne ɗakin binciken Cohen ya tabbatar da cewa a kan amino asid mai suna tairosin ake manna fosfet ɗin. Sannan abin da mutane ba su cika sani ba, in saƙo ya isa sai ƙwayar ta haɗiye baƙon da makarɓin gaba ɗaya ta narkar da su, da haka ne magana ke mutuwa, rauni ya rufe nama ya tsaya, bai ci gaba da tudu ba.

Nan ne zancen ƙanwarka ya shigo. A 1984 masu bincike a Landan ƙarƙashin Michael Waterfield suka ga makarɓin nan ya yi kama sosai da wani furotin na ƙwayar cutar da ke sa ma kaji kansar jini, sai dai na ƙwayar cutar an gutsure masa rabin nan na waje, ba ya jiran sallamar kowa, kamar yaron da ke ta shiga cikin gida da gudu yana cewa ana sallama ana sallama alhali zaure ba kowa. Haka yake a kansar mutane da yawa, ko dai makarɓin ya lalace ya maƙale a kunne, ko kuma ya yi yawa fiye da kima, lafiyayyar ƙwaya dubbai take da su amma akwai ƙwayar kansar da aka ƙirga mata sama da miliyan 2. Ka ga ke nan laifin na makarɓin ne da ya ɓaci, EGF da kansa ba ya mayar da lafiyayyen nama kansa. Amma in kansa ta riga ta zauna to zuba mata shi kamar zuba taki ne a gonar da ƙuduji ya kama, shi ya sa ba a ba mai kansa irin wannan magani, kuma tsohon gyambo da ya yi shekaru wani lokacin shi kansa yana rikiɗewa ya zama kansa, dole likita ya gani da idonsa.

Maganin EGF na gaskiya akwai shi, ban ce babu ba. A Kyuba an yi wani mai suna Heberprot-P, tun 2006 suke amfani da shi ga gyambon masu suga, amma allura ce likita ke yi a cikin naman gyambon sau uku a sati, bayan an kankare mataccen nama an kashe ƙwayoyin cuta, kuma a firigo yake zama. Yanzu ka duba naka, kwalba ta biyo mota kwana da kwanaki, ta zauna cikin kanti a zafin Maradi na watan Afrilu da ke haura 40, furotin kuwa ba ya jure zafi, ka dai ga yadda ƙwai ke yi in ya ji wuta. Kuma ba wanda ya auna ya gaya maka mi ke ciki.

Gyambon mai suga ba rashin EGF kaɗai ke hana shi warkewa ba. Suga ya yi yawa a jini, jinin ba ya isa ƙafa sosai, jijiyoyin ji sun mutu, mutum na taka ciwon kullum bai sani ba. Na taɓa duba wani dattijo da ya yi wata biyu ana wanke masa tafin ƙafa ba ci gaba, na ce a miƙo mani takalminsa, na zura hannu ciki sai ga kan ƙusa ya leƙo daidai wajen ciwon, ya ce wallahi ɗana ban taɓa jin ta ba. Don haka yau ɗin nan ka zura hannu cikin takalmin Baba. Ku koma gidan likita ku ce a auna suga mai nuna na wata uku, a taɓa bugun jini a ƙafar, a yi hoto a ga ko ciwon ya kai ƙashi, a kankare mataccen nama, kuma ya daina taka wajen ko da zuwa masallaci ne sai da dabara. In kun ga yatsan ya fara baƙi, ko wari, ko kumburi ya hau ƙauri, ko zazzaɓi, kada ku kwana a gida.

Tambaya: Salam Dakta. Yayata ce aka cire mata ƙari a nono aka aika nama analis, takarda ta dawo an rubuta HER2 3+. Tun ranar ba ta barci, mu ma haka. Shin ta ƙare ke nan? Kuma mu ƙannenta mata za mu iya gadonsa? Daga wata malamar lakwal, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikis salam ƴar'uwa, sannunku, Allah ya kawo sauƙi. Ba ta ƙare ba, ki gaya mata ni na ce. Na haɗa tambayarki da ta sama ne don gidansu ɗaya, makarɓan nan huɗu ne ƴan uwan juna, EGFR shi ne na ɗaya, HER2 na biyu, sai na uku da na huɗu. Shi HER2 ba shi da baƙon kansa ma, aikinsa haɗa kafaɗa da sauran, to in ya yi yawa a jikin ƙwaya sai su riƙa haɗuwa ba sallama. Cikin mata 100 masu kansar nono kamar 15 zuwa 20 irin wannan gare su, 3+ kuwa ma'anarsa an gan shi da yawa ba shakka.

Gaskiya irin nan tana da saurin girma, Dennis Slamon ya nuna haka a 1987, amma wannan sanin ne ya haifar da maganinta, trastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin, an fara ba da shi a Amurka a 1998. Yana zuwa ne ya manne a rabin nan na waje ya hana shi aika saƙo, ya kuma nuna ma garkuwar jiki ƙwayar da za ta kashe. Yawanci duk sati uku ake yi har shekara guda, ana haɗawa da sauran magungunan kansa da farko, kuma dole a riƙa duba zuciya don yana iya raunana ta. Tsada gare shi, ba zan ɓoye maki ba, sai dai yanzu akwai na wasu kamfanoni masu sauƙi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na farkonsu a 2019, ku tambayi likitanta a kan su kai tsaye kada ku ji kunya. A Yamai akwai cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, tun 2021 ake gasa ƙarin kansa da na'ura a can, ku tafi da takardar nan ta asali ku ajiye kwafi a gida.

Zancen gado kuwa ki kwantar da hankalinki, yawan HER2 a cikin ƙarin kansa ya faru, ba daga iyaye ta ɗauko ba kuma ba a ɗauka ta cin abinci tare ko wanki. Amma tunda ƴar'uwarku ta jini ta samu kansar nono, ku ƙannenta ku riƙa shafa nononku kowane wata bayan al'ada, duk wadda ta ji ƙullutu ko da ba zafi ta je a duba a satin. Ki gaishe mani da Yaya, kuma ki rubuto mani bayan kun ga likitan.