Lissafin Fitowar Wata da Faɗuwarsa: Ilimi ne ko Duba?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam. Ni malamin sakandare ne a nan Sakkwato, ina zaune a Mabera. Kusan shekara ke nan ina da littafin da nake rubuta lokacin fitowar wata da faɗuwarsa, ina gwada abin da idona ya gani da abin da manhajar wayata ta nuna. Baffana ya ga littafin, ya ce wannan aikin masu duba ne, in bari tun bai taɓa mini imani ba. Da gaske ne? Sannan idan manhajar ta ce an haifi wata, zan iya ɗaukar azumi da ita? In kuma ta ce ba zai ganu ba, sai ga sanarwa an gan shi, wanne zan bi?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Allah ya yi maka albarka, ya saka wa baffanka da alheri, don tsoronsa yana da asali. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wanda ya ɗebi wani ilimi daga taurari ya ɗebi wani yanki na sihiri. Sai dai malamai sun raba ilimin taurari gida biyu. Akwai na da'awar tasiri, a ce tauraro kaza ya hau don haka auren wance ba zai yi ƙarko ba, ko fataucin wane zai faɗi. Wannan shi ne duba, haramun ne, shi hadisin yake nufi. Akwai kuma sanin tafiyarsu don gane lokaci da alƙibla da shigowar damina, kamar yadda manomanmu ke lura da Kaza da 'Ya'yanta. Littafinka na gida na biyu ne, kuma halal ne. A aya ta 5 ta Suratu Yunus Allah ya ce ya ƙaddara wa wata manziloli domin mu san adadin shekaru da lissafi, a Suratur Rahman kuma ya ce rana da wata da lissafi suke tafiya. Ba za a ce kirga abin da Allah ya ce da lissafi yake tafiya shiga gaibu ne ba.

Kai da kake rubutawa ka riga ka lura wata yana jinkirta fitowa da kimanin minti 50 kowace rana. Ranar 7 ga wata za ka same shi rabi a tsakiyar sama da magariba, ya faɗi wajen tsakar dare. Ranar 14 rana na faɗuwa yana ɓullowa daga gabas. Daga nan ya riƙa makara yana ramewa, har ya koma siriri da asuba kamar tsohon tsinken dabino da Suratu Yasin ta kwatanta, sannan ya ɓuya. Zagayen nan a matsakaici kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, shi ya sa wata ke yin 29 ko 30, shekararmu kuma ta zama kwana 354 ko 355. Wanda ya yi wayo a 2006 zai tuna husufin rana na safiyar Laraba 29 ga Maris, wanda aka sanar da lokacinsa tun kafin ya zo, kuma ya zo yadda aka faɗa. Ka kai wa baffa wannan misalin cikin ladabi, kada ka mai da shi musu.

Amma halaccin lissafi daban, ɗaukar azumi da shi daban. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce a yi azumi don ganinsa, a sha ruwa don ganinsa, in ya ɓuya a cika Sha'aban 30. Buhari da Muslim suka ruwaito. A kan haka mazhabarmu ta Malikiyya take: Shehu Halilu, mai littafin Muhtasar, ya ce Ramadan yana tabbata da cikar Sha'aban, ko ganin adalai biyu, ko ganin jama'a mai yawa, ya kuma faɗa ƙarara cewa ba ya tabbata da maganar mai lissafin taurari. Za ka ce to ai da agogo da jadawali muke sallar azahar ba tare da mun leƙa inuwa ba. Imam Ƙarafi ya amsa wannan tun tuni: shari'a ta rataya azahar a kan gushewar rana ita kanta, ta kowace hanya ka tabbatar ta gushe ka yi salla, azumi kuwa a kan gani aka rataya shi, ba a kan kasancewar watan a sama ba. Akwai waɗanda suka saɓa, irin su Ahmad Shakir na Masar, wanda ya yi rubutu a 1939 yana goyon bayan lissafi. Amma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta tsaya a kan cewa gani ne abin dogaro, a nemi taimakon lissafi da na'urorin hangen sama. Fatawata ke nan ni ma.

A nan ne masu waya da yawa ke tuntuɓe. Abin da manhaja ke kira sabon wata shi ne lokacin da wata ya shiga tsakaninmu da rana, fuskarsa mai haske ta juya mana baya. A wannan sa'ar babu jinjirin da za a gani ko da na'ura irin ta gama-gari. Ido ba ya kama shi sai ya haura awa 15 da haihuwa, sau da yawa ma sai ya wuce 20, kuma sai ya ɗan jima a sama bayan faɗuwar rana. Haka kwanan watan Hijira da ke fuskar waya, galibi kalandar Saudiyya ce ta lissafi, tana iya gaban tamu da kwana ɗaya.

Inda lissafinka ke da amfani sosai shi ne yammacin 29. Ka saita manhajar a kan Sakkwato da agogon Najeriya, ka duba tazarar faɗuwar rana da ta wata. In ta kai minti 40, to lokacin da rana ta faɗi watan yana sama da ƙasa da kamar faɗin dunƙulen hannu idan ka miƙe damtse. Nan za ka kafa ido, kusa da inda rana ta nutse, a fili wanda gini da itatuwa ba su tare yamma ba. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa cikin Fabrairu da Maris, ƙurar hunturu ba ta gama sauka ba, hazo yakan cinye ƙasan sama gaba ɗaya, don haka rashin ganinka a Mabera ba ya ƙaryata mutumin da ya gani a wani gari mai garau. In kuwa lissafi ya nuna wata ya riga rana faɗuwa, to babu abin da ke sama da za a gani. Imam Subki ya yi fatawa cewa a irin wannan a mayar da shaidar, domin lissafin yankakke ne, shaida kuwa zato ce. Mafi yawan malamai ba su bi shi ba, amma ni ina ganin maganarsa ta dace da aikin mai tantance shaidu. Halilu da kansa ya ce in mutum biyu suka yi shaida, aka cika 30 sama garau ba a ga wata ba, an ƙaryata su. Mutumin kirki yana iya ganin zaren gajimare ko farin hayaƙin jirgi ya rantse da Allah, bai yi ƙarya ba, idonsa ne ya ruɗe shi. Sai a tambaye shi: ƙarfe nawa, dama da mafaɗar rana ko hagu, ƙahonin ina suka fuskanta? Jinjiri kullum bayansa na wajen rana, a ƙasarmu sau da yawa yakan zauna kamar ƙwarya a ɗage.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Tantancewa ba aikinka ba ne kai kaɗai a ɗaki. A Najeriya akwai kwamitin duban wata, rahotanni na bi ta hannun hakimai da sarakuna, Mai Alfarma Sarkin Musulmi, shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, shi ke sanarwa. Tirmizi ya ruwaito cewa azumi ranar da kuke azumi ne, shan ruwa ranar da kuke sha. Don haka ka bi sanarwa, azuminka ya inganta, ko da littafinka ya ce wani abu daban. In kana da hujja, ka kai ta ga limaminku ko hakiminku kafin magaribar 29, ba ka jira a yi sanarwa ka watsa hoton manhaja a WhatsApp kana raba kan unguwa ba. Kada kuma washegari ka ga watan ya yi kauri ka ce na kwana biyu ne. An kai wa Ibn Abbas irin wannan gardama, kamar yadda Muslim ya ruwaito, ya ce na daren da kuka gan shi ne. Watan da aka haifa da wuri amma bai ganu ba jiya, dole yau ya fito da girma.

Ka ci gaba da littafinka, ka ƙara masa layi ɗaya na yanayin sama a kowace rana, hazo ne ko gajimare ko garau, zai fi amfanar mai tantancewa in an nemi ka yi shaida. Allah ne mafi sani.