Jarin ƙawa, basirarki: matsayinki a doka kafin ki buɗe shagon ɗinki

Tambaya: Na gama koyon ɗinki a Kano, ina zana samfurin abaya da dogayen riguna da kaina. Ƙawata za ta ba ni kuɗin keken ɗinki biyu da hayar shago, mu riƙa raba riba. Na zaɓi sunan da zan riƙa liƙawa a wuyan riga. Me ya kamata in yi don kada a ƙwace min suna ko zane?

Amsa: Malama, Allah ya sanya albarka. Kin tambayi suna da zane, amma inda aka fi samun rigima shi ne kuɗin ƙawar nan, don haka da shi zan fara.

Idan mutum biyu suna gudanar da kasuwanci tare don neman riba, doka na iya ɗaukarsu abokan tarayya ko da ba su rubuta komai ba. Ma'anarsa, bashin da ɗayarku ta ci da sunan shagon, misali ta karɓo atamfa da shadda bashi a Kantin Kwari, ana iya bin ɗayar ta biya daga aljihunta. Saboda haka ku zauna ku fayyace: kuɗin nan rance ne, ko jari? Idan rance ne, ki biya ta abin da ta ba ki, shagon kuma naki ne ke kaɗai. Idan ƙiradi kuka ƙulla, wato ita ta zuba jari ke ki yi aiki, kamar yadda fiƙihun Malikiyya ya tsara, ana yanka rabon riba ne da kaso, kamar rabi ko sulusi, ba a yanka wani adadi tsayayye duk wata, kuma asarar jari tana kan mai kuɗi matuƙar ba sakacinki ne ya jawo ba. Ko wanne kuka zaɓa, ku rubuta, ku sa hannu gaban shaidu biyu. A takardar a faɗi nawa aka zuba, wa ke da kekunan, wa ke sa hannu a asusun banki, sannan idan aka rabu wa zai tafi da sunan da shafin Instagram. Wannan na ƙarshe mutane ke mantawa, alhali bayan shekara biyu ya fi kekunan daraja.

Sai rajista. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ce a yi wa sunan kasuwanci rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC cikin kwana 28 da fara aiki. Rajistar sunan kasuwanci ta fi sauƙi da araha, sai dai ba ta raba dukiyarki da ta shagon. Kamfanin limited shi ke raba su, mutum ɗaya ma zai iya kafa shi yanzu, mafi ƙarancin hannun jarinsa naira 100,000. Tunda akwai kuɗin wata a ciki, ni limited zan ba ki shawara, a rubuta kason kowa.

Ki lura da kyau: takardar CAC ba ta mallaka miki sunan a matsayin tambarin kaya. Wannan aikin wani ofishi ne daban, mai rajistar tambari da zane, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari ta tarayya a Abuja. A fara da bincike ko wani ya riga ki, sannan a shigar da sunan a rukuni na 25, na tufafi. Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, sabuntawa kuma shekara 14.

Zane ya fi wuyar karewa. Dokar zane ta 1970 tana ba da kariyar shekara 5, ana iya sabuntawa sau biyu, jimla 15, amma da sharaɗin zanen sabo ne, bai fita idon jama'a ba kafin a shigar da takarda. Idan kin riga kin ɗora hoton rigar a WhatsApp ko Instagram, kin raunana haƙƙinki da hannunki. Kuma yankan abaya da kowa ke yi ba ya rajistuwa. Ki ware zane ɗaya ko biyu da suke naki na musamman, kamar wani salon aikin wuya, ki shigar da su kafin talla. Dokar kuma ta ce zanen da aka yi wa wanda ya ba da kwangila nasa ne, don haka idan amarya ta biya ki ki ƙirƙiro mata samfuri, ku rubuta cewa kina da damar sake ɗinka shi.

Game da masu kawo ɗinki, yadin da aka ba ki amana ne a hannunki. Idan ya ɓace ko ya ƙone saboda sakaci, ke za ki biya, ko da yarinyar shagonki ce ta yi ɓarnar. Ki buɗe littafin rasit mai kwafi: nau'in yadi, yadi nawa, awo, kafin alƙalami, ragowar kuɗi, da ranar karɓa, mai kaya ta sa hannu. Lokacin sallah kada ki rubuta ranar da kin san ba za ki cika ba, domin rasit ɗin da zai kare ki a kotun ƙananan ƙararraki shi ne kuma za a kafa miki hujja da shi.